Kwamfutar Alli

Shekarar da aka ɗauke ni daga Wurno aka kai ni wata sakandaren 'yan mata a ƙasar Goronyo, ni kaɗai ce mace a sashen kimiyya, ni ce kuma ƙarama. Kemistiri nake koyarwa, in dai koyarwa za a kira abin da muke yi. Ɗakin gwaje-gwajenmu ba komai a ciki sai kwalabe wofi, da famfon da bai taɓa ɗigo ba, da buhunan albasa a ƙarƙashin tebura. Gwaji kuwa da baki muke yin sa. Malami ya tsaya gaban aji ya ce idan aka ɗiga wannan a cikin wancan ruwan zai koma ja, yara su rubuta ya koma ja, alhali ba wadda ta ga ruwan balle launin. Haka na tarar ana yi, kuma duk sashen ba wanda abin yake damu.

A wannan shekarar ce ɗiyar yayata ta dawo hannuna. Ƙauyensu yana ƙasar Rabah. 'Yan bindiga suka shiga suka kashe mahaifinta tare da wasu magidanta, suka kora dabbobi, waɗanda suka rage suka tattara suka koma cikin gari. Yayata ta samu ɗaki a gidan ƙanen mijinta, ita da ƙanana, ga ciwon ƙafa da ba ya barin ta ta yi nisa. Yarinyar ce babba, ita ce hannun uwar. Sai da na yi ta zarya kafin baffan nata ya yarda a ba ni ita ta ƙarasa ajin ƙarshe a makarantarmu, kuma da sharaɗi ya ba ni ita. Za ta zauna jarrabawar shiga jami'a sau ɗaya. In ta ci ta wuce karatun jinya da take so, su za su san yadda za su yi da gida. In ba ta ci ba ta koma ta kama wa uwarta. Ban ga laifinsa ba, mutum ne da nauyi ya yi wa yawa. Na amsa da ƙarfin gwiwa domin na san kan yarinyar: abin da ta ji sau ɗaya ya zauna, lissafi kuwa tana yin sa tana wanke-wanke.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Jarrabawar a kwamfuta ake yin ta, a birnin Sakkwato, ita kuwa ba ta taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba. Ba ita kaɗai ba, duk ajin haka suke.

To sai ga shi, ba a daɗe da dawowa daga hutu ba wata ƙungiya ta kawo wa makarantarmu kwamfutoci irin na tafi-da-gidanka, ƙanana, masu yawan da za su ishi aji in an zauna bibbiyu. Suka kafa sola a kan rufin ɗakin gwaje-gwaje don caji. A ciki an zuba darussan kimiyya da ba sa bukatar intanet, da gwaje-gwaje masu motsi, har da tambayoyin gwajin jarrabawa da agogo yana tafiya a gefe, daidai yadda ake yi a birni. Wasu matasa biyu suka yi wuni guda suna nuna mana. Da na ga ruwan nan da na shekara da shekaru ina cewa yana komawa ja ya koma jan a gaban idona, sai da na ji ƙwalla. Na waiwaya in ga ko abokan aikina sun ji abin da na ji. Shugaban sashenmu barci yake yi tun bayan cin shinkafa. Malamin fiziks kuwa tambaya ɗaya ya yi duk wunin, ko za a ba da takardar shaidar halarta.

Shugaban sashen dattijo ne malamin bayoloji, yana dab da ritaya. Darasin da ya fara koyarwa yana saurayi shi yake maimaitawa har yau, ya haddace shi har da inda yake tari. Albasar da ke ɗakin gwaje-gwaje tasa ce, yana da fadama a ƙasan madatsar ruwa, kuma can zuciyarsa take kwana ta tashi. Matasan nan ba su gama fita ƙofar makaranta ba ya sa aka mai da kowace kwamfuta cikin ledarta, aka sa a kwali, aka jera a babban kabad ɗin ƙarfe da ke bayan ɗakin. Ya datse da kwaɗo, ya zura makullin a zaren da makullin babur ɗinsa yake.

Na bari aka kwana biyu sannan na same shi. Na gaishe shi yadda ake gai da uba, na ce ina so in fara da 'yan ajin ƙarshe, tunda su jarrabawa ke gabansu. Ya dube ni da irin murmushin da ake yi wa yaro in ya nemi tuƙa mota.

"Malama, kayan ga amana ta," in ji shi. "Ran da masu su sunka dawo, so nika yi su ishe su yadda sunka bar su, ko leda ba a ɓare ba. Ke yanzu kinka zo, ba ki san ɗiyan ƙauye ba."

Na ce ai ni ma ɗiyar ƙauyen ce, kuma masu su don a yi aiki da su suka kawo. Ya ce kowa ma haka yake faɗa ranar kawowa, amma ranar da aka tarar da fashewa ko karce, shi za a tambaya, ba ni ba. Ya ƙara da cewa shi da alli ya yaye likitoci da injiniyoyi. Na yi ta jira ya ambaci ko ɗaya daga cikinsu, bai ambata ba.

Shi dai dattijon tsoro ne da lalaci, na fahimci wannan ko ban yafe ba. Wanda na fi rainawa shi ne malamin fiziks, domin shi matashi ne, ya sani sarai. Duk ɗakin malamai ba mai waya irin tasa. Tun safe har a tashi kansa a sunkuye, yana musun siyasa da mutanen da bai taɓa gani ba, yana kallon dambe da ƙwallo, wani lokacin har a cikin aji bayan ya ba shugabar aji littafi ta kwafa a allo. Amma da aka zo zaman sashe na tayar da maganar kwamfutoci, shi ya fi kowa zaƙewa. Wai na'ura tana kashe ƙwaƙwalwa. Wai 'yan mata ne, in suka saba da irin waɗannan abubuwa tarbiyyarsu za ta lalace, iyaye kuma mu za su zaga. Yana wannan wa'azin wayarsa tana ƙara a aljihu. Gaskiyar kuwa ba ta da nisa: yara in suka ga abu yana motsi za su yi tambaya, shi kuma ba abin da ya tsana a duniya irin ɗalibar da ta ɗaga hannu.

Na kai ƙara wurin shugabar makaranta. Mace ce mai son zaman lafiya fiye da kima, kuma dattijon ya koyar da ita tana yarinya, don haka ko sunansa ba ta iya faɗa. Ta ce in yi haƙuri, za ta duba.

Kada a ce kwamfutocin ba su taɓa shan iska ba, sun sha. Duk ranar da aka ce baƙi za su zo daga birni, tun da sassafe za a kwashe albasa a kai bayan ɗaki, a share, a yayyafa ruwa, a fito da su a jera a kan tebura kamar jeren amarya. A zaɓo yara masu sabon hijabi a zaunar, kowace a gaban ɗaya. Malamin fiziks ne ke kunnawa da hannunsa, ya koya musu yadda za su riƙe yatsu a sama kaɗan da maɓallan, kusa yadda hoto zai nuna kamar aiki suke yi, amma ba tare da sun taɓa ba. Baƙi su shigo, dattijon ya yi jawabi a kan zamanin fasaha, a ɗauki hoto yana nuna wa wata yarinya abu da biro, a tafa, a tafi cin kaza. Kafin la'asar komai ya koma leda.

A irin wannan ranar ce wata yarinya, ko gajiya ta yi ko son sani ne ya ci ƙarfinta, ta sauke yatsa. Wani darasi ya buɗe, muryar mutum ta fito da ƙarfi tana bayanin yadda jini ke zagaya jiki. Baƙin ma daɗi suka ji, suka matso suna kallo. Amma washegari a taron safe aka fito da ita gaban makaranta, aka sa ta durƙusa a kan tsakuwa har rana ta take. Dattijon ya karɓi magana, ya ce wannan gargaɗi ne: kayan nan sun fi ƙarfin gidan uban kowa a nan, duk wadda ta taɓa ta ɓata, ubanta za a kira ya zo ya yi bayani. Ina tsaye a gefen layin 'yan ajin ƙarshe, na ga ɗiyar yayata ta cusa hannuwanta biyu cikin hijabi. Ita ba ta da uban da za a kira. Baffan da ya riga ya ɗauki uwarta da ƙannenta shi za a kira.

Da jarrabawa ta matso na koma wa shugabar makaranta, wannan karon ban yi ladabi sosai ba. Ta rasa yadda za ta yi da ni, ta kira dattijon, suka fito da abin da suka kira maslaha. Za a koya wa 'yan ajin ƙarshe kwamfuta, kuma shi da kansa zai koyar.

Na je na tsaya bakin taga don in ga ikon Allah. A cikin ɗakin gwaje-gwajen ya tara su, kabad ɗin yana bayansu, wasu ma sun jingina da shi. Ya ɗauki alli ya zana kwamfuta a allo. Ba ma irin wadda za su tarar ba, wata tsohuwa ce mai ƙaton kai da ya gani a littafi. Ya ja kibiyoyi ya rubuta sunayen sassanta, yana faɗa suna amsawa da waƙa. Sannan ya zana maɓallai gida-gida, ya cika su da haruffa a jere yadda ake koya wa 'yan aji ɗaya, A sai B sai C, domin bai taɓa tsayawa ya kalli na gaske ba. Bayan an tashi na ce masa ba haka haruffan suke zaune ba. Ya ce harafi harafi ne, mai ido zai gani. Malamin fiziks ya karɓa daga nan, ya sa kowace ta zana tata a kwali, ya bi ya ba da maki. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai, domin darasi ne da ba wanda zai iya yi masa tambaya a kai.

Ɗiyar yayata ce ta fi kowa maki. Da rula ta yi nata, layukan nan tsaf. Ta kawo mini gida tana murna, tana zaune a tabarma tana danna kwalin da yatsa tana haddace inda kowane harafi yake. Na karɓe na ce ta manta da shi, ƙarya ce aka zana mata. Ta dube ni da mamaki, don a saninta malami ba ya ƙarya, balle mai furfura. Ban taɓa jin na tsani aikina irin ranar ba.

Na yi iya abin da zan iya. Na nemo hoton maɓallan gaske a wayata na nuna mata, amma waya shafawa ake yi, ba ta koya wa hannu komai. Na kai ta shagon mai buga takardu a kasuwa. Zuwan farko injin wutarsa ba mai. Zuwa na biyu shagon cike yake da maza masu neman hoton katin shaida, ya bar ta ta leƙa ta bayan kafaɗarsa na ɗan lokaci, da ta ga ana kallon ta sai ta ja baya. Ana saura 'yan kwanaki na tare dattijon yana tayar da babur. Na ce ba aji nake roƙo ba yanzu, guda ɗaya nake roƙo, a gabansa, ya kunna da hannunsa ya kashe da hannunsa, marainiya ce kuma damarta ke nan ɗaya. Na durƙusa masa a tsakar makaranta, abin da ban taɓa yi wa wani ba bayan mahaifina.

"In na buɗe ma taki, mi za ni ce ma sauran?" ya ce. "Ki bari a ƙare jarrabawa hankali shi kwanta, sai mu zamna mu tsara."

Ya ce ana cire masa albasa, ma'aikata suna jiran sa. Ya ba babur wuta.

Ranar jarrabawa muka bi ayarin motocin safe zuwa birni, don hanyar ba a bin ta kai kaɗai. Duk tafiyar ina yi mata bita, tana amsawa kafin in rufe baki. Na bar ta a bakin ƙofa na koma ƙarƙashin dogon yaro inda iyaye suke jira. Da aka fara fitowa na ga yara suna surutu, wannan tana cewa kaza ya fito, waccan tana dariya. Ita ta fito a ƙarshe-ƙarshe, idonta a bushe. Na saya mata ruwa ta riƙe bai kai bakinta ba. Sai da muka zauna a tasha muna jiran mota ta cika sannan ta faɗa mini.

Farko ta sha wahalar neman haruffa, amma ta kalli ta kusa da ita ta gane, ta fara amsawa, kuma tambayoyin ba su fi ƙarfinta ba. Sai ta iso wani lissafin fiziks mai tsawo, ta sunkuya tana yin sa a takardar da aka ba su. Ta ɗauki lokaci a kai. Irin waɗannan kwamfutocin in aka jima ba a taɓa su ba fuskarsu takan yi duhu don tattalin caji, da an ɗan taɓa kowane maɓalli sai ta dawo. Duk wanda ya zauna da kwamfuta na rabin wuni ya san wannan.

"Inna, ina ɗaga kai nig ga ta mutu, baƙi ƙirin," ta ce. "Nic ce na ɓata masu ita."

Na ce mi ya hana ta taɓa ta gani, ko ta ɗaga hannu ta kira mai tsaro.

"Tsoro nika ji a ce a kira Baffa."

Haka ta zauna, hannu cikin hijabi, tana kallon baƙin gilashi tana addu'ar kada a gane ita ce, agogo kuwa yana can yana tafiya. Sai can wani mai tsaron jarrabawa ya zo wucewa ya ga tana zaune, ya miƙa yatsa ɗaya ya taɓa, haske ya dawo. Ya ce ta yi sauri. Ba ta yi nisa ba lokaci ya cika, kwamfutar ta rufe da kanta. Kemistirin da na koya mata ko buɗe shi ba ta kai ga yi ba.

Sakamako ya zo ta waya, kuma bai kai ba, ko kusa. Na kira baffanta na gaya masa komai, na roƙi a ƙara mata shekara. Ya ce ƙafar uwarta ta ƙara tashi, shi kuma ya cika nasa alkawarin.

A ɗakin malamai labari ya riga ni isa. Na zaci ko kunya za ta sa su yi shiru, ashe ban gama sanin su ba. Malamin fiziks ya ce ai dama jarrabawa a kwamfuta zalunci ne ga yaran karkara, har ya rubuta haka a wayarsa ya tura wa duniya, mutane suna ta yaba masa kishin talaka. Dattijon kuwa gani ya yi gaskiyarsa ta fito. Ya ce ai ga irinta nan, yarinya ta je birni ta kashe wa mutane kwamfuta, da ya biye mini da yanzu namu duk sun zama gawa. Na gaya masa ba ta kashe komai ba, shi ya ɗaure mata hannu tun daga nan. Na faɗi wasu maganganun ma da ba a faɗa wa sa'an uba, kuma har yau ban ji na yi nadamar ko ɗaya ba. Ya kaɗa kai ya ce wa sauran a yi mini uzuri, zafin jini ne irin na mata.

A makarantar akwai al'ada, ɗalibar da za ta tafi takan bi malamanta ɗaya bayan ɗaya ta nemi gafara. Ranar da baffanta ya zo ɗaukar ta, ta ɗaure kayanta ta ce za ta shiga ta sallami malamai. Na ce ta sallami wanda ta ga dama, amma dattijon nan ba ta da abin da za ta nema a wurinsa. Ta ce ba ya kyautu, malaminta ne, ya koya mata karatu. Na bi ta don ba zan iya barin ta ta shiga ita kaɗai ba.

Yana zaune a bakin ɗakin malamai, ya cire takalmi yana shan iska. Ta durƙusa a gabansa har ƙasa, ta sunkuyar da kai.

"Malam, za ni gida. In akwai abin da niy yi maka, da sani ko ba da sani ba, ka gahwarta mini."

Ya gyara zama, ya dube ta da fuskar mutumin da ya saba yin alheri. Ya yi mata nasiha a kan natsuwa, ya ce gaba in ta samu kanta a gaban kayan mutane ta riƙa kiyayewa. Sannan ya ce ya yafe mata duniya da lahira. Ta yi godiya, ta tashi ta kaɗe gwiwarta, ta nufi bakin ƙofa inda baffanta yake jira a kan babur.